Abin da ɓera ya faɗa mana game da atini

Daminar bara, cikin watan Yuni, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba a Legas har kwatoci su cika su malalo cikin layi, atini ya kama ɗan yayata a gidanmu na Agege. Shekararsa shida. Kwana uku yana zarya tsakanin ɗaki da bayi, ya tsuguna ya yi ta yunƙuri yana riƙe da mara, abin da zai fito kuma bai taka kara ya karya ba, majina ce da ɗigon jini. Wansa da ya girme shi da shekara biyu ko ciwon kai bai yi ba. Alhali kwano ɗaya suke ci, ruwan shansu kuma daga jarkokin mai ruwa ɗaya yake, wanda ke turo mana kura kowace safiya. Da muka dawo daga asibiti da takardar gwaji an rubuta amiba, Inna ta dube ni ta ce, "Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane ilimin halittu, gaya mini. Ruwa ɗaya suka sha. Me ya sa ta kama ƙaramin ta ƙyale babban?"

Na ce, "Inna, ai jini ne ba ɗaya ba."

Ta ce, "Wannan ko ni da ban shiga aji ba na san shi. Me ke cikin jinin?"

Tambayar ta zauna mini a rai makonni. Da na bi diddiginta sai na tarar masana sun fi shekara ɗari suna fama da ita, kuma mafi yawan amsar da aka samu a 'yan shekarun nan daga cikin ɓera ta fito.

Amiba ba tsutsar ciki ba ce, ba kuma bakteriya ba ce. Halitta ce mai ƙwayar jiki guda ɗaya tak, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kama biyu take da shi. Akwai mai ƙwanso, wadda ke fita cikin bayan gida, ta kuma iya yin kwanaki har makonni a wuri mai danshi tana jiran baki. Maganin kilorin da ake zuba wa ruwan famfo ba ya kashe ta a ma'aunin da aka saba, tafasa ruwa ne ke kashe ta. A gari irin Legas, inda rijiya da ramin masai kan zama maƙwabta a fili ɗaya, bututun ruwa kuma ya ratsa ta cikin kwata, hanyarta zuwa baki ba ta da tsawo. Haka latas da kabeji da karas da aka ɗauraye da ruwan da aka samu, haka hannun da ya shiga randa da moɗa. Shi ya sa ba na son a riƙa ɗora wa masu ruwa laifin duka; sau da yawa ruwan lafiya lau yake iso wa gida, a cikin gidan yake ɓaci. In mai ƙwanso ta shiga ciki, ruwan tumbi ba ya narkar da ita. Sai ta kai ƙarshen ƙaramin hanji take fashewa, guda ɗaya ta zama takwas masu rarrafe, su gangara babban hanji su zauna cikin majinar da ta lulluɓe bangonsa suna cin bakteriya.

A jikin kusan mutum tara cikin goma, nan labarin yake tsayawa. Mutum na yawo da ita, yana zubar da masu ƙwanso, bai san yana yi ba. A jikin na goman ne take keta majinar, ta maƙale wa bangon hanji, ta kashe ƙwayoyinsa, ta haƙa gyambo mai siffar tulu, ƙaramin baki da faffaɗan ciki. Daga nan jinin yake fitowa. Wani lokaci ta bi jijiya ta kai hanta ta tara ƙurji. Ƙididdigar cututtukan duniya ta 2010 ta sa waɗanda take kashewa a shekara kusan 55,000.

Wani likita a Rasha, Fedor Lösch, shi ya fara bayyana ta a 1875 daga bayan gidan wani majinyaci, ya kuma sa wa karnuka ita don ya gani. A 1903 Fritz Schaudinn ya raɗa mata suna Entamoeba histolytica, wato mai narkar da tsoka. A 1913 aka yi wani gwaji a kurkukun Manila wanda yau ba za a yarda da shi ba ko kusa: aka ba fursunoni 20 ƙwayar suka haɗiye. Mafi yawansu ta zauna a cikinsu, amma huɗu ne kawai suka yi atini. Ka ga tambayar Inna ke nan tun wancan zamani. Émile Brumpt na Faransa ya kawo rabin amsa a 1925, ya ce ai iri biyu ne masu kama ɗaya, ɗaya mai cutarwa, ɗaya ba ruwanta. Aka yi watsi da maganarsa shekara da shekaru, sai a 1993 aka tabbatar da ita, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 1997. Marar cutarwar sunanta Entamoeba dispar, kuma ta fi yawa a cikin mutane. Madubin likita, wanda shi ne abin da yawancin ɗakunan gwajinmu ke da shi, ba ya raba masu ƙwansonsu. Don haka takarda za ta iya cewa amiba alhali jinin bakteriyar Shigella ce ta jawo shi. A namu yaron, mai gwajin ya ce ya ga masu rarrafen da jajayen ƙwayoyin jini a cikinsu, wannan kuwa babbar alama ce ta mai cutarwar.

Amma ko an ware tagwayen, tambayar ba ta mutu ba, domin ita kanta mai cutarwar yawancin waɗanda ta shiga ba ta kwantar da su. Ke nan bambancin yana jikin mai masaukin. Ba kuma yadda za a yi a ba yara ita da gangan, a cire musu wani ɓangare na garkuwar jiki, sannan a buɗe hanjinsu a duba. Nan ɓera ya shigo.

Ba ɓeran kwata ake nufi ba, ba gafiya ba, ba kuma wanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa ba. Ɗan ƙaramin ɓera ne da nauyinsa bai wuce giram 20 zuwa 30 ba, cikinsa mako uku, ya balaga cikin wata biyu. Abin da ya ba shi daraja shi ne yadda aka tace zuriyarsa. Akan haɗa wa da ƙanwa, 'ya'yansu ma haka, har hawa 20 ko fiye, sai duk dangin su zama tamkar tagwaye masu gado iri ɗaya. Akwai baƙi da ake kira C57BL/6, wanda Clarence Little ya fara kiwo a Amurka a 1921, akwai fari mai suna BALB/c, akwai masu launin ƙasa-ƙasa irin su CBA da C3H. In kana da ɓeraye 40 da ba su da bambanci a gado, abinci ɗaya, ɗaki ɗaya, sai ka canza abu guda a jikin 20, duk abin da ya biyo baya ka san daga inda ya fito. A gidan mutane ba ka taɓa samun wannan. 'Yan uwa biyu ma, ciki ɗaya suka fito amma kowa da halittarsa.

Sai dai amiba cutar ɗan Adam ce, ba ta ɓera ba, kuma ɓera ya daɗe yana ƙin karɓarta. Ga kuma wata matsala: a kwalbar gwaji ba ta yarda ta yi ƙwanso yadda ake so, har ta kai masu nazarin ƙwanson suna aro wata 'yar uwarta da ke zaune a cikin macizai. Abin da ake iya kiwo shi ne masu rarrafe, tun da Louis Diamond ya gano yadda za a raya su su kaɗai ba tare da bakteriya ba a 1961. Su kuma masu rarrafe ba sa tsira daga ruwan tumbi. Saboda haka sai an yi wa ɓera tiyata. A sa shi barci, a tsaga cikinsa kaɗan, a jawo 'yar jakar nan da ke farkon babban hanji, a tsira mata allura mai ɗauke da amiba kusan miliyan 2, a mayar, a ɗinke, a kwantar da shi wuri mai ɗumi har ya farfaɗo. Bayan kwanaki ko makonni a duba abin da ya faru.

A 2002 Eric Houpt da abokan aikinsa a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka yi wa dangogin ɓeraye daban-daban wannan aiki. Baƙin ɓera da farin suka kakkaɓe ta nan da nan. A jikin C3H kuwa, fiye da rabi ta zauna makonni, jakar hanjin ta kumbura ta yi kauri da gyambo irin wanda ake gani a jikin mutum. Daga baya aka ga CBA ma haka yake. Amiba ɗaya, allura ɗaya, wani ya kamu wani ya tsira. Wannan karon dai ana iya buɗe su a tambayi dalili.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda Shinjiro Hamano ya jagoranta a wannan ɗakin binciken a 2006. Duk sojojin jini, wato fararen ƙwayoyin jini, daga ɓargo ake ƙera su. Sai aka kashe ɓargon ɓeraye da haske mai ƙarfi, aka yi musaya: mai tsira aka ba shi ɓargon mai kamuwa, mai kamuwa aka ba shi ɓargon mai tsira. Da a jini sirrin yake, da halin ya bi ɓargon. Bai bi ba. Baƙin ɓera ya ci gaba da tsira da jinin aro, ɗayan kuma ya ci gaba da kamuwa. Ashe kariyar farko tana jikin bangon hanjin kansa, kuma cikin sa'o'in farko ake yin ta ta ƙare, tun kafin sojojin da ke koyon fuskar abokin gaba su shirya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka kakanninmu suka ce, kuma a nan maganar ta zauna daram. Amsar da na ba Inna ta jini ba ita ce farkon zancen ba.

Duk da haka jinin bai fita daga lissafi ba. Akwai wani saƙo da fararen ƙwayoyin jini ke aikawa mai suna IL-10, wanda aikinsa kwantar da tarzoma ne. Da aka sami baƙin ɓeran da ba ya iya yin wannan saƙo, sai ga shi ya kamu. Wato jini na taimakon bangon ne kamar yadda mai yaɓe ke bin katanga kafin damina. Ita ma majinar da muke ƙyama katanga ce. Kris Chadee da mutanensa a Kanada sun nuna amiba na da wani sinadari mai aiki kamar almakashi da take yanka zaren majinar da shi, kuma ɓerayen da aka hana su yin wannan majina sun fi jigata. In ta kai ga bangon, a 2014 Katherine Ralston ta nuna ba haɗiye ƙwayar jiki take yi gaba ɗaya ba, gatsa take yi, loma bayan loma, har ƙwayar ta mutu, sai ta bar ta ta matsa gaba. An ga wannan a naman hanjin ɓera da aka sa wa launi mai haske. Daga baya aka gano har ɗora guntayen da ta gatsa take yi a jikinta, don makaman da ke cikin jini su ɗauka ta gida ce.

To me ke sa bangon wani ya yi ƙarfi, na wani ya yi rauni? Nan ne labarin ya ratsa ta wata unguwa da duk mazaunin Agege ko Idi-Araba zai gane ta ko bai taɓa zuwa ba. Mirpur ce, a birnin Daka na Bangladesh, unguwar cunkoso da kwata a buɗe da bayi na haɗaka. Tun 1999 Rashidul Haque da William Petri suka fara bin yaran unguwar 'yan shekara biyu zuwa biyar, ma'aikata na leƙa gidajensu yau a je gobe a huta, shekara da shekaru. Cikin shekara huɗu da 'yan watanni, kashi 80 cikin ɗari na yaran amiba ta shige su aƙalla sau ɗaya, fiye da rabi kuma ta sake komawa. Aka lura yaran da ba sa samun isasshen abinci sun fi yin zawon amiba. Kowa zai ce ai yunwa na raunana jiki, gaskiya ne, amma ta wace ƙofa?

Kitsen jiki na fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Shi ma ta hanyar wani ɓera mai ƙiba fiye da kima aka gano shi a 1994. Yaron da ya rame, leftin ɗinsa ƙasa yake yi. Sai aka koma ɗakin bincike, aka sa wa ɓerayen da ba su da leftin amiba, ta yi musu kaca-kaca da hanji. Aka ƙara matsawa, aka cire makarɓin saƙon leftin daga bangon hanji kaɗai, sauran jiki aka bar shi yadda yake. Nan ma suka kamu. Ashe leftin har bangon hanji yake yi wa magana, yana hana ƙwayoyinsa saurin mutuwa, yana taimaka musu gyara ɓaraka. Aka sake komawa kan yaran Mirpur. A 2011 Priya Duggal da sauransu suka ba da rahoton cewa yaran da suka gaji wani ɗan sauyi a makarɓin leftin, sauyin harafi ɗaya tak a ƙwayar gadonsu, sun kusa ninka sauran sau huɗu wajen kamuwa. Aka dasa wa ɓeraye irin wannan sauyi, su ma suka fi kamuwa.

A ganina wannan ne amfanin ɓera na gaskiya. An ga abu a jikin yaro, an kai wa ɓera don a warware shi zare-zare, an dawo an duba a jikin yaro. Lokacin da na karanta wannan na tuna namu ƙaramin bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, ya rame har wuyan rigarsa na zamewa, ga shi dama ba mai cin abinci ba ne. A shekarun nan da kuɗin ƙwai da wake da kifi suka fi ƙarfin gidaje da yawa a unguwanninmu, maganar leftin ba zancen ɗakin bincike ba ce kawai.

In bango ya riga ya tsage, sai sojoji. Na farkon isowa su ne nutrofil, kuma ɓerayen da aka ƙwace musu su cutar ta fi yi musu tsanani. Sai wani saƙo mai suna intaferon-gama, wanda ke zuga manyan ƙwayoyi masu haɗiya su fesa wa amiba guba. A ɓerayen CBA da cutar ta ƙi tafiya an tarar jikinsu ya karkata ga wani saƙo daban, IL-4, wanda ke danne na farkon. Da aka toshe IL-4 ɗin sai suka warke. A Mirpur ma yaran da jininsu ya fi fitar da intaferon-gama sun fi tsira daga zawon amiba a gaba. Sai dai akwai wani gefen. A gwajin 2002 ɗin nan, da aka cire wa ɓerayen da cutar ta zauna musu wani rukuni na sojoji da ake kira CD4, kumburin ya ragu, yawan amibar ma ya ragu. Wato wani kaso na ɓarnar jikin ne ke yi wa kansa garin faɗa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A hanta wannan ya fi fitowa fili. Ƙurjin hanta na amiba ciwon maza ne: manyan maza sun ninka mata wajen sau bakwai zuwa goma, alhali a wurin yara ba a ganin wannan rata. Mutum zai yi ta zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sau da yawa ba zawo ko kaɗan, a yi ta ba shi maganin maleriya da taifod, wani a ce shawara ce. An daɗe ana ɗora bambancin kan giya da yawon maza. Hannelore Lotter a cibiyar Bernhard Nocht da ke Hambug ta Jamus ta sa wa ɓeraye maza da mata amiba a hanta a 2006. Matan suka share ta cikin kwana uku, mazan kuwa har mako biyu ana samun ta da rai, ƙurjinsu kuma ya fi girma. Ɓera ba ya shan giya. A 2013 suka dandaƙe mazan, ƙurjin ya ragu. Suka ba matan sinadarin maza, testosteron, nasu ya ƙaru. Sinadarin na rage intaferon-gama da wasu ƙwayoyin tsaron hanta ke fitarwa da wuri. Suka kuma nuna yawancin naman hantar da ke ruɓewa ba amiba ce ke cinye shi ba, ƙwayoyin tsaron jiki ne ke ƙone shi da wani saƙon hargitsi mai suna TNF.

Kada wani ya ji haka ya ce to a danne garkuwar mana. Likitoci sun daɗe da sanin cewa mai amiba a hanji in aka ba shi magungunan sitiroyid, cutar kan yi tashin gwauron zabi har hanji ya ɓule. Ina faɗar wannan ne saboda ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu daga cikinsu deksametason ne, wato wani nau'in sitiroyid, kuma 'yan matanmu na sayensu ba tare da takardar likita ba.

Akwai kuma wasu masu gadin da ba na jikinmu ba ne, su ne bakteriyar da ke zaune a hanji. Stacey Burgess ta nuna a 2014 cewa ɓerayen da aka sa wa wata bakteriya mai kama da zare sun fi tsira daga amiba, kuma abin mamaki, tasirin har ɓargo ya kai. A 2020 ta sake nuna wata mai suna Clostridium scindens na sarrafa ruwan matsarmama ya zama saƙon da ke sa ɓargo ya ƙara ƙera nutrofil. Koji Watanabe kuma a 2017 ya fara ba ɓeraye magungunan kashe bakteriya kafin ya sa musu amiba. Ciwonsu ya fi tsanani, suka kuma daɗe ba su rabu da ita ba, domin nutrofil sun kasa isa wurin da wuri. Duk wanda ya san yadda muke yi a nan, ciki ya ɗan murɗa a aika yaro kemis ya karɓo Flagyl biyu da kafso mai ja da ɗorawa, ko a saya a hannun mai talla cikin mota, ya kamata wannan ya tsaya masa. Gwajin a jikin ɓera aka yi shi, amma ya isa ya sa mutum ya yi tunani kafin ya share masu gadin cikinsa a kan ciwon da bai san sunansa ba.

Yanzu kuma sai a faɗi inda ɓera ya gaza, don kama da wane ba ta wane. Yaro 'yan ƙwayoyi masu ƙwanso yake haɗiya ta baki, ɓera kuwa miliyoyin masu rarrafe ake zuba masa kai tsaye bayan an tsaga shi. Ɓera ba ya zama mai yaɗa ta ga na kusa da shi kamar mutum. Ba ta tashi daga hanjinsa ta tafi hanta da kanta yadda take yi mana, sai an kai ta da allura. A jinin mutum nutrofil ne suka fi yawa, kashi 50 zuwa 70 na fararen ƙwayoyi, a na ɓera kuwa ba su wuce 10 zuwa 25 ba. Babban saƙon da hanjin mutum ke kiran nutrofil da shi, IL-8, ɓera ba shi da shi sam, da wasu yake aiki. Wannan ya sa a 1997 Samuel Stanley da mutanensa suka dasa guntun hanjin ɗan Adam a bayan ɓerayen da ba su da garkuwa don su ga yadda naman mutum ke amsawa. Sannan ɓeran bincike a ɗaki mai tsafta ya tashi, abincinsa da ruwansa an kashe musu ƙwayoyi, bai taɓa maleriya ba, bai san tsutsar ciki ba. Wani bincike na 2016 ya nuna garkuwarsa ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa. Ina shi ina yaron da ya tashi yana wasa a bakin kwatar Mile 12? Ita kanta amibar da yawancin ɗakunan bincike ke amfani da ita, daga jikin wani majinyaci a Meziko aka ɗauko ta a 1967, ta daɗe a kwalba har sai an riƙa ratsa ta cikin dabba lokaci-lokaci don kada kaifinta ya dushe.

Shi ya sa nake ganin rabin aikin da ya fi dacewa da mu shi ne irin na Mirpur. Muna da Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa a Yaba, muna da kwalejin likitanci a Idi-Araba, katanga ɗaya da unguwar Hausawa. Bin yaran unguwa shekaru da gwajin da ke raba mai cutarwa da marar cutarwa, a ga irin amibar da ke yawo a nan da irin jikin da take kayarwa, abu ne da ɓeran Bajiniya ba zai yi mana ba.

Kuma ba na ɗaukar ran ɓeran da wasa. Ana tsaga shi, yana jin ciwo, a ƙarshe a kashe shi. Mu da aka koya mana cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, bai kamata mu ji wannan mu wuce ba. Tun 1959 masana suka shimfiɗa ƙa'idar a nemi madadin dabba in akwai, a rage yawanta, a kuma sauƙaƙa mata wahala. Yanzu ana iya raya ɗan guntun hanjin mutum a faranti, wanda zai ɗauke wa ɓera wasu tambayoyin, ko da yake faranti ba shi da ɓargo ba shi da hanta.

Babban burin duk wannan shi ne rigakafi. Amiba na da wani furotin da take damƙar bangon hanji da shi, lektin, wanda Petri ya ware a 1987. Yaran Mirpur da hanjinsu ya yi sinadarin kariya na IgA a kan wannan furotin sun fi jinkirin sake kamuwa, sai dai kariyar ba ta daɗewa, wanda ke yawo a cikin jini kuma bai hana komai ba. An yi wa ɓerayen CBA rigakafi da guntun lektin, da yawansu suka tsira, kuma aka ga kariyar ta dogara da intaferon-gama da wani saƙon mai suna IL-17. An gwada ɗigawa ta hanci don a tayar da tsaron da ke kan fatar ciki, an kuma gwada a jikin birai. Har yau dai babu rigakafin amiba da aka amince a yi wa mutane.

Abin da ke hannu shi ne magani, shi ma kashi biyu ne, kuma na biyun ne muke yawan tsallakewa. Metronidazol, wato Flagyl, ko tinidazol, suna kashe waɗanda suka shiga tsoka, jini ya tsaya, mutum ya ce ya warke. Amma a jikin kashi 40 zuwa 60 na majinyata akwai sauran da ke zaune cikin hanji, sai an bi su da wani kamar paromomaisin ko diloksanaid. Likitar da ta duba yaronmu ta rubuta duka biyun, kuma sai da na shiga kemis huɗu kafin na sami na biyun. Ta kuma ce mu kawo bayan gidan wansa, duk da lafiyarsa ƙalau. Inna ta ce, "Shi da ba abin da ke damunsa?" Na ce, "Inna, wanda bai kwanta ba ma yana iya ɗauke da ita." Washegari da sassafe ita da kanta ta tashe shi, ta ba shi 'yar robar. Aka samu masu ƙwanso a ciki, shi ma aka rubuta masa nasa maganin na mako guda.